Enbridge ko Kinder Morgan: ƙaramin P/E ne araha?

Malam, ka ce ka duba P/E na Enbridge da na Kinder Morgan, kamfanonin bututun mai da gas na Arewacin Amurka, kana tambaya ko wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ne mai araha. A harkar bututun mai, ba lallai ba ne.

Lissafin P/E dai shi ne a raba farashin hannun jari da ribar da ya kawo a shekara. Misali, na dala 30 da ya kawo dala 1.5, P/E ɗinsa 20 ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne ita ribar. Kamfanonin nan 'yan dako ne, kuɗin jigilar ɗanyen mai da gas suke karɓa, galibi bisa doguwar kwangila. Amma duk shekara akantoci na zabge kaso mai tsoka da sunan tsufan bututu, alhali ko sisi bai fita daga asusu ba. Sai ribar takarda ta yi ƙasa da kuɗin da ya shigo.

Ɗauki Enbridge na birnin Kalgari a Kanada. A 2022 ya rage darajar sashensa na jigilar gas da dalar Kanada biliyan 2.5, a takarda kawai. Riba ta faɗi, P/E ya kumbura, mai kallo daga nesa ya ce ya yi tsada. Amma mai bai daina bin bututu ba, kuma kamfanin ya ƙara wa masu hannun jari rabonsu, kamar yadda ya saba kusan shekara 30 a jere. Rabon nan daga tsabar kuɗin da ya rage bayan kuɗin ruwa, haraji da gyaran bututu yake auna shi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. A kula kuma, da dalar Kanada yake fitar da ribarsa, farashinsa a kasuwar Niyok kuwa da dalar Amurka ne. Wanda ya haɗa su bai canza ba, lissafinsa ya karkace.

Kinder Morgan na Hustan a jihar Teksas kuwa, abin da ya taɓa kayar da shi P/E ba ya ganinsa ko kaɗan, wato bashi. A Disambar 2015, bashin sama da dala biliyan 40 na wuyansa, farashin mai ya karye, sai ya yanke rabon riba da kashi 75 cikin ɗari, daga santi 51 zuwa 12.5 kan kowane hannun jari duk wata uku. A 2018 ya sayar wa gwamnatin Kanada bututun Trans Mountain, ya ci gaba da rage nauyi.

Ni da zan zaɓa, bashin zan fara aunawa da kuɗin shigar shekara kafin a cire kuɗin ruwa, haraji da tsufan kaya. Enbridge ya yanka wa kansa ninki 4.5 zuwa 5, Kinder Morgan kuwa a 'yan shekarun nan yana wajen ninki 4. Na farko ya fi faɗin harka, musamman da ya sayi kamfanonin rarraba gas uku daga hannun Dominion Energy, na biyu ya fi sauƙin kaya a ka. In kuɗin ruwa ya tashi, Enbridge zai fi jin jiki.