Kwas ɗin Medical Neuroscience na Coursera, abin da na gani

Wata biyu kenan ina bin wannan kwas ɗin na Farfesa Leonard White na jami'ar Duke da ke Amurka, kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a Coursera, dandalin karatu ta intanet, kuma wallahi sashen ginuwar ƙwaƙwalwar ɗan tayi kaɗai ya biya ni. A aji an koya mana netrin da Slit, sinadaran da ke nuna wa zaren jijiya hanya, da Robo mai karɓar saƙon Slit, mun haddace mun zuba a jarabawa mun manta, sai a nan na gane me ke faruwa.

Ashe zaren jijiya in yana tsirowa bakinsa ne ke laluben hanya, wani ɗan kai mai yatsu siri-siri yana miƙa su yana janyewa kamar yaɗon kabewa mai neman danga, kuma tun 1890 Ramon y Cajal ɗan Sifen ya gano shi a tayin kaza. Netrin ya jawo shi zuwa tsakiyar laka, yana tsallakawa kuma sai Robo ya yawaita a jikinsa ya fara jin korar Slit, shi ke nan ba komowa baya, wurin da ya kira shi ɗazu shi ke korarsa yanzu. Sau uku na maimaita bidiyon nan a ɗaki da daddare ina zanawa a bayan littafina da jan biro.

Daga nan ne na bi diddigi na karanta gwajin Roger Sperry, masanin da ya yanke jijiyar idon kwaɗo ya juya idon sama a ƙasa, jijiyoyin suka sake tsirowa kowacce ta koma inda take tun asali, kwaɗon ya ga ƙuda a sama ya kai cafka ƙasa. Akwai ma mutanen da ake haifa da matsala a DCC, mai karɓar saƙon netrin ɗin, in sun motsa hannun dama na hagu ma sai ya motsa da kansa, Allah mai iko.

Malamin ba ya gaggawa, maganarsa a natse take. Amma fa Turanci ne zalla kuma da nauyi, wanda bai taɓa anatomi ba zai sha wuya a farko. Bidiyon na da yawa, gara ka sauke su a waya lokacin da ka samu data mai araha. 'Yan aji biyu da uku na likitanci, ku nema tun kafin a shiga karatun jijiyoyi.