Wasiƙa daga Ingila zuwa Agege: maganar ƙara gudun mota

Yaya, assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali da duk mutanen tasha. A gaishe min da Inna da kyau.

Saƙonka ya iso, inda kake cewa tunda an gyara hanyar Legas zuwa Badun ta yi sumul, me zai hana a ɗaga iyakar gudu daga kilomita 100 zuwa 120, ka kuma ce in faɗa maka yadda ake yi a nan. Da yake sana'ata ke nan, kai kaya tsakanin Birmingham da Landan, zan gaya maka abin da idona ya gani.

Su ma nan sun sha wannan muhawara. Iyakar gudu a manyan hanyoyinsu mil 70 ne a awa, wajen kilomita 112 ke nan. A Disambar 1965 aka sa ta a matsayin gwaji, bayan motoci sun yi ta cin karo da juna a cikin hazo, sannan aka tabbatar da ita a 1967. A 2011 ministan sufuri na lokacin, Philip Hammond, ya kawo shawarar a mayar da ita mil 80. Hujjarsa irin taka ce: motocin yanzu sun fi na da birki da ƙarko, kuma kusan rabin direbobi dama suna wuce 70 ɗin. Aka yi ta kai ruwa rana, zuwa 2013 maganar ta bi ruwa, har yau 70 ɗin ce. Maƙwabtansu kowa da tasa. Faransa 130 ce, in ana ruwa ta koma 110. Jamus da ake yawan buga misali da ita tana da sassan da babu iyaka, sai dai shawarar kada a wuce 130. Holan kuwa a 2020 sauke tata ta yi zuwa 100 da rana saboda hayaƙi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kayan da suka tanada kafin su yarda mutum ya taka totur haka. Fara da taya. Duk motar da ta cika shekara uku a nan, dole a kai ta gwajin lafiya kowace shekara. Makaniki zai ɗaga ta sama, ya girgiza kowace ƙafa, ya gwada birki a kan na'ura, sannan ya ɗauko wani ɗan ƙarfen awo ya cusa a zanen taya. In zurfin zanen bai kai milimita 1.6 ba, mota ta faɗi, babu roƙo, babu "oga a taimaka". Yanzu ka tuna tayoyin tokumbo da ake jibgewa a kasuwar Ladipo, waɗanda a nan aka cire aka yar. Ka tuna yadda mai faci ke ɗaukar wuƙa ya sake zana wadda ta suɗe, a shafa mata baƙi ta fito kamar sabuwa. Irin wannan taya, a kan kwaltar da ta sha ranar watan Maris, da lodin mutum goma sha takwas, ita za a ce ta yi 120? Wallahi in na tuna gabana faɗuwa yake yi.

Manyan motoci ma ba a bar su sakaka ba. Kowace tirela tana da na'urar da ke tsayar da ita a mil 56, wato kilomita 90, ko direba ya danne totur har ƙasa ba za ta ƙara ba. Yana kuma da kati da yake sakawa a wata na'ura mai lissafin aikinsa. In ya yi awa huɗu da rabi yana tuƙi, tilas ya huta minti 45, kuma in aka tsayar da shi katin ne zai ba da shaida. Mu kuwa ka san yadda ɗan'uwanmu ke ɗauko tumatir daga Kano ko Zariya, ya kwana biyu a kan sitiyari da goro da shayi mai kauri, don kada kaya su ruɓe kafin kasuwar Mile 12. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, mai kaya na kiran waya, mai mota na jiran balas. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun Fabrairun 2017, amma kai da ke tasha ka fi ni sanin mota nawa ke da ita tana aiki.

Sai ita kanta hanyar. A nan doka ta hana mai tafiya a ƙasa da mai keke da dabba hawa babbar hanya. An killace ta, babu kasuwa a bakinta, babu wurin juyawa a tsakiya, in ka wuce mahaɗarka sai ka kai ta gaba. Tamu kuwa da aka buɗe tun 1978, gari ya riga ya cinye ta. Daga Berger ka hau doguwar gada ka iske Kara da shanunta, ka wuce Ibafo da Mowe inda mata ke tsallaka titi da goyo da tallan burodi, ga sansanonin ibada da ke cika hanya duk lokacin taro, ga Ogere inda tankoki da tireloli ke jere a kafaɗar titi. Ga kuma mai biyo hannun da ba nasa ba don gosulo ya ishe shi. Kwaltar ta yi kyau, ban musa ba, amma mutanen da ke rayuwa a bakinta suna nan inda suke. Ba mu manta da tankar man da ta kama da wuta a gadar Otedola a Yunin 2018 ba, aƙalla mutum tara suka rasu, motoci sama da hamsin suka ƙone.

In mota ta lalace maka a nan, allunan da ke saman hanya za su nuna jan kuros a kan layin da kake, kowa ya kauce, jami'an hanya su zo su tsaya a bayanka da fitila har janwe ya iso. In haɗari ne, motar asibiti za ta ɗauke ka, a fara ceton ranka ba tare da an tambayi kuɗin kati ba. A gida ganye muke karyowa mu zuba a titi, da dare kuwa sai wanda Allah ya kiyaye. Legas ta yi ƙoƙari, akwai lambar 112 da 767, akwai cibiyar gaggawa a tsohon tolget, amma da ka yi nisa cikin Ogun yawanci mutanen kirki da suka tsaya ne motar asibitinka.

Na zauna na yi lissafin ribar da kake hange. Hanyar Badun kilomita 127 ce da 'yan kai. A gudun 100 minti 76 ne, a 120 kuma wajen 64. Minti goma sha biyu ke nan, in har babu abin da ya tsayar da kai, alhali cunkoson yamma ɗaya a Berger ya isa ya cinye ninkinsu biyar. Ƙarfin karo kuma ba ya tafiya daidai da maleji, daga 100 zuwa 120 yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, nisan da birki ke buƙata ma haka. Ga shan mai, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ba sai na yi maka bayani ba. Sauri ya haifi nawa, Yaya.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Duk wannan tsari da kuɗi ake sayensa, kuma daga aljihunmu yake fita. Wajen rabin kuɗin litar mai haraji ne. Inshora dole ce, kuma baƙo irina da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar shi ake yanka wa mafi tsada. Makaniki da awa yake caji, ba ya kuma gyara abu, cirewa yake ya sa sabo. Sau da yawa nakan yi kewar makanikanmu na Agege da za su saurari ƙarar inji su gaya maka ciwonta, su kwance kafireto su wanke ta tashi. Wuraren hutawa na bakin hanya suna da tsabta, bayan gida kyauta, ajiye mota kyauta har awa biyu, amma shayi da ɗan burodi sai su ci maka kuɗin da zai ciyar da kai da yaron mota tuwo da nama a Ogere har ku yi guzuri.

Abu ɗaya da nake so a kwaikwaya da gaske shi ne kyamara. A nan ba kasafai ake tare ka a hanya ba. Takarda za ta same ka a gida, mafi ƙarancin tara fam 100 da maki uku a lasin, in maki ya kai 12 cikin shekara uku a karɓe lasin wata shida. Na ji Legas ta fara, an sa 80 a gadar Third Mainland da Alapere, tara naira 50,000. Na san direbobi na ƙorafi, amma ni ina goyon baya, muddin za a kafa allo babba kowa ya gani, kuma mai jiniya ya biya kamar yadda mai danfo zai biya. A fara riƙe 100 ɗin da ke rubuce tukuna, 90 ga bas, 60 ga tanka da tirela.

Ina da roƙo. Gobe kafin ka yi lodi, ka duƙa ka duba gefen tayoyinka. Akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018 ke nan. Ka ɗauki hoton duka huɗun da safaya ka turo min. In na gaba sun haura shekara biyar, ƙarshen wata zan aiko da kuɗin sababbi guda biyu, ka saya a wurin dila, ka karɓi rasit. Allah ya tsare hanya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Ƙaninka.