Wasiƙa daga Birmingham: yadda ake tsare kuɗin tsofaffi a nan da yadda muke yi a gida

Yaya, ina gaishe ka, da fatan su Baba da Inna da yara duk suna lafiya. Ka tambaye ni ko a Ingila ma 'yan damfara suna addabar tsofaffi kamar yadda suke yi mana. Suna yi sosai. A ƙididdigar hukuma, zamba ce laifin da ya fi kowanne yawa a Ingila da Wales, kusan kashi 40 cikin 100 na laifukan da ake yi wa mutane. Da yake aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, ina ganin abin da idona.

Dabarun ba su da nisa da namu. A gida a kira Baba a ce an toshe BVN ɗinsa, ya karanto lambar da aka turo masa. A nan a kira tsohuwa a ce ɗan sanda ne, an gano ɓarayi a cikin ma'aikatan bankinta, ta ciro kuɗinta za a aiko wani ya karɓa a ajiye mata, kada kuma ta faɗa wa kowa don ana cikin bincike. Ko saƙo ya shigo ta WhatsApp: Mama, wayata ta lalace, wannan ce sabuwar lambata, taimaka ki biya mini wani bashi yau. Akwai kuma masu ƙwanƙwasa ƙofa su ce rufin gida ya kusa ruftawa.

Inda muka rabu da su shi ne wanda asarar ke hawa kansa. Daga ranar 7 ga Oktoba 2024 doka ta tilasta wa bankuna mayar wa mutum kuɗinsa idan aka yaudare shi ya tura da hannunsa zuwa wani asusu a cikin ƙasar, har zuwa fam 85,000, galibi cikin kwanakin aiki 5. Bankin da kuɗin suka fita da bankin da suka shiga su ne ke raba asarar rabi da rabi. Banki na iya cire fam 100, yana kuma iya ƙin biya idan mutum ya yi mummunan sakaci, amma duka biyun ba sa hawa kan wanda aka tabbatar mai rauni ne, kamar tsohon da mantuwa ta kama. Dokar tana da iyaka, don ba ta shafi kuɗin da aka tura ƙasar waje ba, ko tsabar da mutum ya miƙa hannu da hannu. Duk da haka, tunda aljihun banki ne zai yi kuka, banki ya buɗe ido. Har an ba su izinin riƙe tiransifa zuwa kwanakin aiki 4 idan suna zargin zamba ce.

Akwai ranar da na raka wata dattijuwa da nake kula da ita banki. Fam dubu huɗu take so tsaba, wai na masu gyaran rufi. Yarinyar da ke kanta ba ta hana ta ba, ba ta kuma yi mata kallon wadda ta ruɗe ba. A hankali ta riƙa tambaya: Su wa za ki ba? Ke kika neme su ko su suka zo? Sun ba ki takardar farashi? Sun ce ki faɗa mana wani dalili daban? A wannan tambaya ta ƙarshe dattijuwar ta sunkuyar da kai tana murza hannun jakarta, don kuwa sun ce idan an tambaye ta ta ce kyauta za ta yi wa jikanta. Aka shigar da mu wani ɗaki, aka kawo mata shayi, kafin ta shanye 'yan sanda sun iso. Wannan tsari ne da ke aiki a duk ƙasar tun 2018, wanda ya ba ma'aikacin banki damar kiran 'yan sanda kai tsaye idan ya ga alamar ana juya abokin hulɗarsa.

Ba kowane tsoho ke jin daɗin haka ba. Wasu suna cewa kuɗinsu ne, guminsu ne, me ya sa yarinyar da ba ta kai jikarsu ba za ta tsare su da tambayoyi. Na fahimce su, mutuncin dattijo ba abin wasa ba ne. Amma na ga tsohon da aka kwashe masa fanshonsa, na ga yadda ya daina ɗaga waya ko da 'yarsa ce ke kira, saboda haka ni ina bayan tambayoyin.

Akwai wasu ƙananan abubuwa masu amfani. Idan aka kira ka da sunan banki, sai ka kashe ka buga 159, lambar da aka buɗe a 2021, ta haɗa ka da bankinka na gaskiya. Saƙon tes na damfara ana tura shi kyauta zuwa 7726. Akwai wani ɗan akwati da ake jona wa wayar gida, sanannun lambobi su wuce, baƙo kuwa sai ya faɗi sunansa kafin wayar ta yi ƙara. Wanda aka sace wa takardun shaida yana iya biyan kuɗi kaɗan a wata ƙungiya mai suna Cifas, a sa alama a sunansa na shekara 2, duk wanda ya zo cin bashi da sunan sai an tsananta bincike.

Kada ka ɗauka komai sun fi mu. Sunan mai asusu da ke fitowa kafin ka tura kuɗi, wanda ko mai shayi a Kano ya saba da shi, manyan bankunan nan sai a 2020 suka fara shi. Mun daɗe da riga su. Abin da ya fi wannan kuwa shi ne jama'a. An rufe rassan banki fiye da 6,000 a Birtaniya daga 2015 zuwa yanzu, ke nan irin yarinyar can ta banki tana ƙara wuyar samu, ana tura tsofaffi kan manhajar waya da ba su iya ba. Ga kaɗaici. Na san tsofaffin da idan ka cire ni da mai kawo wasiƙa, sai su yi kwanaki ba wanda ya yi musu sallama. Ɗan damfara ya san haka, shi ya sa yake kira kullum yana tambayar lafiyar ƙafa da ta kyanwa, sai ya zama ɗan gida kafin ya ambaci kuɗi. Baba kuwa daga masallaci zuwa majalisar ƙofar gida, da wuya a yi mako ana juya shi wani bai lura ba.

Sai dai wannan jama'ar ce kuma ƙofar da ake shigo mana. Katin ATM na tsoho yana yawo hannun duk yaron da aka aika, lambar sirri a rubuce a bayan katin, ko a faɗa wa mai POS da baki a gaban layi. A nan idan tsoho ya gaza, takarda yake cikewa tun da hankalinsa, ya naɗa wakilin da zai riƙe masa dukiya, a yi mata rajista a ofishin gwamnati, banki ya san da wa yake magana, kuma ana iya tuhumar wakilin idan ya ci amana. Mu namu amana ce ta baki, ranar da kuɗi suka ɓace a rasa wa za a tambaya ba tare da zumunci ya taɓu ba. Sannan idan an damfari dattijonmu, banki zai ce ai shi ya bayar da lambar da bakinsa, shi kuma kunya ta sa ya yi shiru. Ina jin ciwon wannan, domin wanda ya buɗe wa ɓarawo asusun da kuɗin suka sauka ai shi ma banki ne, da BVN da komai. Ina fata Babban Bankin Najeriya ya ɗora musu rabonsu na asarar yadda aka yi a nan.

Kafin nan, ga roƙona game da su Baba. Mutum ɗaya ya riƙe katin, kowa a gidan ya san wane ne, alat kuma ya riƙa shigowa wayarka. A sa wa layin Baba lambar sirri, domin wayar tsoho idan ta ɓace ba wayar ake so ba, layin ake so, da shi ake shiga asusu. Ka tambayi bankinsa lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta ka liƙa a bangon ɗakin Inna. Kwafin takardar NIN da ake bari a shagon hoto ko wurin masu cewa suna rubuta sunan tallafi, a daina. Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, a kai ƙorafi banki a rubuce ranar, a karɓi shaida, in sun yi mako 2 ba su warware ba a wuce sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Ka kuma zauna da Baba ka faɗa masa, cikin ladabi, cewa duk wanda ya kira da sunana daga wata sabuwar lamba yana neman kuɗi, ko da muryar ta yi kama da tawa, ya kashe ya kira ka tukuna. Ka tabbatar masa in ma an riga an ci shi ba mai yi masa faɗa, mu dai ya faɗa mana da wuri. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafar yana hannun mai zuwa ƙarshen wata.