Wurin da na yi oda, da warin da ya biyo shi

Mudu biyu na wuri, irin wanda ake kuɗi da shi a da, na yi oda wajen wata mai sayarwa a Legas, da niyyar ɗinka wa ƙawayen ƙanwata jakunkuna da abin goshi na ranar kamu. A hoton da ta sa a Instagram fari ne tas, an fafe bayansa, zare kawai yake jira.

Kwana huɗu kaya suka iso tasha. Tun a adaidaita na fara jin wani ƙarni, na ɗauka kwata ce. Ina kwance ledar a tsakar gida yara suka watse. Wallahi kamar an rufe mushen kifi a randa. Ashe wuri kwanson wani ɗan dodon koɗi ne na teku, wasu kuma an kwaso su da gawar abin a ciki, ta ruɓe ta bushe a can lungun da tsinke ba ya kaiwa. Na kira mai kayan, sai cewa ta yi in jiƙa a ruwan lemun tsami. Na biye mata da rabin mudu. Wari ya ragu, amma tsamin ya cinye sheƙin, suka koma kamar alli. Dabbar kan lulluɓe kwanson da namanta, shi ya sa yake santsi, idan sheƙin ya tafi kuwa ya tafi kenan. Ragowar na baza a rana bayan ɗaki, kiyashi suka yi mini aikin cikin mako guda, kyauta.

Zan faɗi gaskiya dai, wurin na ainihi ne, ba robar nan da ta cika kasuwa ba. Inna ta ɗebi tafi guda ta girgiza, ta ce ƙarar kenan. Ita ta ware mini kashi biyu: mai ɗan ƙusumbi ruwan madara, irin na tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya, da mai zoben rawaya a gadon baya, irin na gaɓar Zanzibar a gabashin Afirka. Ta ce da wannan uwarta ta sayi daddawa tana yarinya, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Muka yi ta dariya, yau ga ni da wuri na gugar wuri amma ko ashana ba zai saya ba. A nan na ɗan huce.

Da na zauna ɗinki raina ya sake ɓaci. Fiye da rabi ba a fafe ba, maigida ya yi dare uku yana gurza su a siminti har yatsunsa suka saɓule. Maƙwabciyata kuma ta leƙo ta gan su a faifai, ta ce: "Maman Hafsa, duba kika fara?" Ita mai kayan na tura mata hoton waɗanda suka koɗe, ta buɗe saƙon, shiru har yau.