WhatsApp Business a hannun mai kasuwancin netwok: abin da take iya yi da abin da ba ta iyawa

Manhajar WhatsApp Business ta fito ne a watan Janairun 2018, kusan shekara huɗu bayan kamfanin Facebook, wanda yanzu ake kira Meta, ya sayi WhatsApp, kuma zuwa 2023 kamfanin ya sanar da cewa masu amfani da ita a kowane wata sun haura miliyan 200. An gina ta ne domin ƙananan 'yan kasuwa, ana kuma sauke ta kyauta. Daga cikin waɗanda suka fi rungumar ta akwai masu kasuwancin netwok, wato kasuwancin da mutum yake samun kamasho daga kayan da ya sayar da kansa da kuma daga cinikin mutanen da ya shigo da su ƙarƙashinsa. Aikin yau da kullum na mai wannan sana'a ya rataya ne a kan abu biyu, nemo mutanen da zai yi wa magana da kuma tantance wanda ya dace a ci gaba da zawarcinsa daga cikinsu. A kan waɗannan ayyuka biyu na auna manhajar, kuma ra'ayina shi ne tana da amfani sosai wajen kula da mai sayen kaya, amfaninta kaɗan ne wajen nemo sababbin mutane, sannan ba ta dace ko kaɗan da farautar waɗanda za a sa su yi rajista ba.

Batun nema shi ne mafi sauƙin bayani. Manhajar ba ta da wurin da za ka binciko baƙin mutane bisa sana'arsu ko sha'awarsu kamar yadda ake yi a Facebook ko LinkedIn. Ƙofofin da ta buɗe duk masu jawo mutum ne ya zo da ƙafarsa: gajeren mahaɗin da ake liƙawa a wasu shafuka, wanda da an taɓa shi zai buɗe hira kai tsaye, da lambar QR da ake bugawa a jikin kati ko kwalin kaya, da tallan kuɗi a Facebook da Instagram wanda ke kai mutum cikin hirar. Sitatus kuwa, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, mutanen da kuke riƙe da lambobin juna ne kawai suke ganinsa. Haka ma saƙon bai ɗaya, wato saƙo guda da ake tura wa jerin mutane a lokaci ɗaya, wanda masu horar da 'yan netwok da yawa suke yabawa, ba ya wuce mutum 256 a jeri guda, kuma ba ya isa ga kowa sai wanda ya riga ya ajiye lambarka a wayarsa.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan iyaka a matsayin naƙasu, ni kuwa ina ganin ita ce mafi kyawun abin da ke cikin tsarin. Wanda ya ajiye lambarka ya riga ya nuna wata alama ta yarda, komai ƙanƙantarta, kuma wannan shi ne matakin farko na tantancewa, wanda manhajar ta yi maka ba tare da ka wahala ba. Masu ƙoƙarin tsallake wannan shinge, ta hanyar sayen tarin lambobi ko kwashe lambobin mutane daga zaurukan da ba su da alaƙa da kasuwanci, su ne suke wayar gari an rufe musu asusu. Tun a 2019 WhatsApp ta bayyana cewa tana rufe asusu kimanin miliyan biyu a kowane wata saboda aika saƙonnin tari da amfani da na'urorin aikawa, kuma ƙorafin waɗanda aka dama da saƙo yana cikin abubuwan da ake dubawa.

Akwai wata magana da ban taɓa jin an ba ta muhimmancin da ya kamata ba a wuraren horar da sababbin shiga, alhali ita ya kamata a fara faɗa. Ƙa'idojin kasuwanci na WhatsApp sun wajabta cewa ɗan kasuwa ba zai tura wa mutum saƙo ba sai idan mutumin ya ba shi lambarsa kuma ya amince a tuntuɓe shi. Bayan wannan, ƙa'idojin sun ambaci kasuwanci mai hawa-hawa, wato ainihin tsarin netwok, a cikin jerin abubuwan da ba a yarda a tallata ta wannan kafa ba. Ganin dubban mutane suna yi ba tare da an taɓa su ba bai goge wannan sharaɗi daga rubuce ba. Duk wanda ya tara sunayen abokan hulɗarsa, da tarihin hirarsu, da alƙawuran da ke tsakaninsu a wuri guda da ka iya rufewa bisa dokar da shi da kansa ya danna cewa ya amince da ita, ya kamata ya san matsayinsa tun kafin ya yi nisa, kuma babban laifi ne a ce na sama, wato wanda ya shigo da mutum ƙarƙashinsa, ya ɗora sabon shiga a kan wannan hanya bai gaya masa ba.

Inda manhajar ta fi burge ni shi ne alamomi masu launi da ake maƙala wa kowace hira domin a rarrabe mutane. Ta zo da guda biyar da aka riga aka tanada: sabon mai saye, sabuwar oda, ana jiran biya, an biya, an kammala oda. Mutum yana iya sauya sunayensu ko ya ƙara nasa, sannan ya tace hirarrakinsa da su, ta yadda a cikin ɗaruruwan saƙonni zai ga waɗanda ke jiran amsa kawai, ko waɗanda suka saya sau ɗaya ba su dawo ba. Ga wanda ya saba riƙe komai a ka, ko a takardar da ke ɓacewa, wannan sauƙi ne babba.

Sai dai yana da kyau a lura da abin da waɗannan alamomi biyar suke magana a kai. Dukkansu batun kaya ne da kuɗin kaya, babu ko ɗaya da ta shafi shigar da mutum cikin tsari. Abin da na fi gani shi ne masu netwok suna goge su, su maye gurbinsu da irin su "ya kalli bidiyo", "zai zo taro", "yana neman kuɗin rajista", har a wayi gari babu wata alama da ta rage ta mai sayen kaya zalla. Idan jerin mutum ya koma haka, to ya nuna masa gaskiyar kasuwancin da yake yi, kuma gaskiyar tana da nauyi a gaban doka. A 1979 Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayyar Amurka, FTC, ta yanke hukuncin cewa kamfanin Amway mai kasuwancin netwok, wanda Jay Van Andel da Richard DeVos suka kafa a jihar Michigan a 1959, ba tsarin damfara ba ne irin wanda kuɗin sababbin shiga ke ciyar da na sama, kuma ta dogara ne da wasu dokokin kamfanin guda uku: dillali ya sayar da aƙalla kashi 70 cikin ɗari na kayan da ya saro, ya sayar wa masu saye daban-daban har goma a wata, sannan a karɓi kayan da suka yi kwantai a mayar da kuɗi. A 2016 kuma kamfanin Herbalife ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 200 a sulhun da ya yi da hukumar, tare da sake fasalin biyan lada ta yadda aƙalla kashi biyu cikin uku na ladan dillali zai dogara da cinikin da aka tabbatar an yi wa masu saye na gaskiya. A duka shari'o'in biyu ma'aunin guda ne, wato ko akwai mutanen da suke sayen kayan don suna so, ba don suna fatan samun kamasho ba. Saboda haka shawarata ita ce a bar alamomin asali yadda suke, a riƙa duba yawan sunayen da ke ƙarƙashinsu a ƙarshen kowane wata, domin wannan adadin ne zai faɗa wa mutum ko yana da kasuwa ko ba shi da ita.

Tantancewa ita kanta ba aikin manhaja ba ce, kuma a nan ne wani kayan aikinta mai kyau yake iya zama illa. Tana ba da damar ajiye amsoshin da aka riga aka rubuta, waɗanda ake kirowa da danna alamar karkatacciyar sanda (/) da kalma guda. Wajen bayanin yadda ake amfani da kaya, ko sharuɗɗan mayarwa, ko lokacin isowar saƙo, wannan ya yi daidai, domin amsar ba ta canzawa daga mutum zuwa mutum. Amma an mayar da wurin rumbun ajiye amsoshin kawar da uzuri: idan mutum ya ce ba shi da kuɗi ga amsa, idan ya ce ba shi da lokaci ga amsa, idan ya ce zai yi shawara da iyalinsa ga amsa. Haka kuma ake koyar da sabon shiga ya rubuta sunaye ɗari na dangi da abokai, ya riƙa tambayarsu labarin iyali da aiki da abin da suke sha'awa, har ya gano inda ke musu ciwo ya shigo da tallarsa ta nan. Wannan ba tantancewa ba ce, domin tantancewa ta gaskiya tana ƙarewa ne da sallamar mafi yawan mutane, ita kuwa wannan hanya an tsara ta ne don kada kowa ya kuɓuta.

Wanda ya ce ba shi da kuɗi ya riga ya ba ka amsar da kake nema. Ga mai sayen kaya tambayoyin ba su da yawa: ko yana amfani da irin wannan kaya tun asali, ko farashin ya yi daidai da ƙarfinsa, ko zai sake saya ba tare da an matsa masa ba. Ga mai son shiga kasuwancin kuwa tambayoyin sun fi tsanani, kuma kamata ya yi mai gayyata ya yi su don kare mutumin, ba don kare kamashonsa ba. Ya taɓa sayar da wani abu a rayuwarsa? Kuɗin da zai zuba nasa ne da zai iya jure asararsu, ko bashi zai ci? Ya san mutanen da za su sayi kayan ba tare da sun yi rajista ba? An nuna masa takardar da kamfanin ke fitarwa ta abin da dillalai suke samu a shekara? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, domin a 2024 ma'aikatan FTC sun nazarci irin waɗannan takardu na kamfanoni 70, suka gano cewa mafi rinjayen mahalarta suna samun dalar Amurka 1,000 ko ƙasa da haka a shekara, da yawa ba su samu komai ba, kuma galibin takardun ba su cire kuɗaɗen da dillali ya kashe ba. Idan har za a ajiye wani abu a cikin amsoshin da aka tanada game da shiga tsarin, to wannan takardar ce ta fi cancanta, a tura ta kafin bidiyon motoci da tafiye-tafiye.

Sauran kayan aikin ba su buƙatar dogon bayani. Saƙon maraba yana fita da kansa ga wanda ya yi magana karon farko ko bayan kwana 14 ba a yi hira ba, kuma ya fi amfani idan ya ƙunshi tambaya guda mai raba hanya, wato kaya kake nema ko bayanin kasuwancin. Kundin kaya, wanda aka ƙara a 2019, yana ɗaukar abubuwa har 500 da hotunansu da farashinsu, yana kuma rage yawan tambayar "nawa ne?". Zaure yana ɗaukar mutum 1,024, amma ina ganin jefa wanda ake zawarci cikin zauren da ake ta yabo da tafi ba tare da izininsa ba rashin mutunta shi ne, ga shi kuma yana fallasa lambarsa ga baƙi waɗanda su ma farauta suke yi.

Babban giɓin da na gani shi ne lissafi. Manhajar za ta nuna maka wanda ya karanta saƙo da wanda ya yi oda, amma ba za ta haɗa maka abin da ka kashe a sayen kayan wata-wata, da kuɗin data, da tikitin taro, da talla, ta cire daga abin da ya shigo ba. Wannan sai an yi shi a littafi ko a jadawalin kwamfuta, kuma a can ne ya kamata a riƙa kwafe sunayen masu saye da ranar da suka amince a tuntuɓe su, domin kada komai ya salwanta idan asusu ya rufe. Lamba ɗaya ba ta aiki a WhatsApp ta yau da kullum da ta kasuwanci a lokaci guda, amma manhajojin biyu suna zama a waya ɗaya da lambobi daban-daban, kuma ina ba da shawarar a raba su, ta yadda 'yan uwa da abokai za su ci gaba da samun mutum a lambarsa ta asali ba tare da talla ba, wanda yake son kaya daga cikinsu kuma ya nemi lambar kasuwancin da kansa.