GARGAƊI: Mai cewa zai "buɗe" maka na'urar ifek ta jita ɗan damfara ne

Salam ƴan uwa, musamman masu kaɗa jita da masu ƙananan situdiyo a yankinmu na Ringim da Taura har zuwa Gumel da Maigatari. Akwai wani mutum da yake yawo a guruf guruf na WhatsApp yana cewa shi injiniya ne a Kano, wai yana cire wa na'urar ifek, wato na'urar da ke canza wa jita sauti, iyakarta ka loda mata sauti iya son ranka ba zata taɓa cika ba. Dan girman Allah kar wanda ya tura masa ko sisi. Ni dubu 35 ya ci min, abokin sana'ata kuma na'urar tasa ce ta tafi ɗungurungum, yau wata biyu kenan babu ita babu labarinta.

Ga yadda akai. Na'urar HX Stomp ta kamfanin Line 6 nake aiki da ita, ta hannu na saya da kuɗin riɗin da na noma bara. Duk wanda ya riƙe ta ya san kana iya raba sautin jita gida biyu, layin A da layin B, su tafi kafaɗa da kafaɗa sannan su haɗe a gaba. Ni a kiɗan biki abun da nake so shine layi ɗaya ya fita tas yadda za a ji kowace tsirkiya, ɗayan kuma in zuba masa dile da ribab, wato ifek masu maimaita sauti da ba shi amo, ya dinga amsa kuwwa a baya. To ranar na sa amf ɗaya, wato ifek mai kwaikwayon sautin amfilifaya, a kowane layi, na ƙara ribab sitiriyo mai fita hagu da dama, kawai sai naga sunayen sauran ifek ɗin sun dusashe sun koma ruwan toka, ka danna ka danna basa shiga. Na ɗauka lalacewa tayi, hankalina ya tashi, na ɗau hoto na tura guruf.

Ko awa ba a yi ba ya biyo ni ta bayan fage. Bakinsa kamar zuma, "maigida kwantar da hankalinka, kamfani ne suka kulle rabin ƙarfinta da gangan dan a sayi babbar, ni ina da fayil ɗin buɗewa." Ya turo bidiyo bulok, wato gurabun da ake saka ifek, sun cika allo layi huɗu reras. Na tura kuɗi, kuma sunan da ya fito a asusun daban da wanda ya faɗa min, yace ai na yaronsa ne mai POS. Na hau mashin har cikin Ringim wajen mai kwamfuta, muka jona ta da kwamfutar muka zuba fayil ɗin, ashe firiset ne kawai, wato jerin ifek da aka haɗa aka adana, irin wanda kowa ke haɗawa, ƙananan ifek marasa nauyi ya jera a ciki. Da na sake gwada amf biyun nan da ribab ɗina, toka ta dawo yadda take. Nayi masa magana sai yace wai tawa tsohon yayi ce sai an ƙara mata cip da hannu, in ba direba a tasha ya kai masa. Ni ina da biki a satin shi yasa ban bayar ba, abokina ya naɗe tasa a zani ya saka a kwali ya bayar, washegari lamba a kashe.

Yanzu ku ji gaskiyar maganar, sabida da na san ta tun farko da hakan bata faru ba. Ƙarfin na'urar nan daga cip ɗin da ake kira DSP yake, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa sauti, ƙarfe ne a cikinta, babu fayil ɗin da zai ƙara shi. HX Stomp cip ɗaya gare ta, babbar Helix kuma biyu, shi yasa take da hanya 1 da hanya 2 kowacce ta rabu biyu, wato allon babbar ya nuna min a bidiyo. Kuma raba layi baya ninka ƙarfi, A da B duk a cip ɗaya suke sha. Abun da yake kafa hujja da shi wai ai da bulok 6 take ɗauka aka mayar 8, eh gaskiya ne, a 2020 kamfanin Line 6 da kansa yayi hakan a sabuntawa ta 3.0, kuma kyauta ake saukewa, amma gurbi aka ƙara ba ƙarfi ba. Kamar ka ƙara soket a ƙaramin janareta ne, in ka jona dutsen guga dole ya shaƙe.

Dabarar ita ce tattali. Yanzu amf ɗaya nake sawa, sai bayansa nake raba layi, duk abun da yake gaban amf in barshi mono, wato fita ɗaya ba hagu da dama ba, ribab guda ɗaya tak bayan layukan sun haɗe maimakon kowane layi da nasa, IR kuma, wato fayil ɗin da ke kwaikwayon sautin akwatin sifika, mai 1024 nake sawa ba mai 2048 da ya fi nauyi ba. Masu canza murya na foli ɗin nan kuwa, masu sarrafa tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, cin wuri suke sosai, in ka saka ɗaya to ka haƙura da wasu. Wallahi da wannan tsarin nayi biki uku babu wanda yace sauti ya ragu.

Sannan na ga ya koma tallan POD Go, wata na'urar ifek ta Line 6, da wata sabuwar lamba yana cewa tana raba layi biyu, ƙarya ne, ita layi ɗaya take tafiya santal. Muryarsa dai bata canza ba, kuma baya yarda a haɗu ido da ido, kullum yana kan hanya. Mun kai ƙara wajen ƴan sanda sun ce mu tattaro shaida, dan haka duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ko kaya ya ajiye rasit da saƙonnin murya kar ya goge, yayi min magana ta bayan fage mu haɗa mu kai tare.