Create React App ko Vite: wanne ne ya ba ka matsala?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗauko wani tsohon aikin React, wato kayan gina shafukan intanet da JavaScript, da aka gina da Create React App, manhajar da ke shirya irin wannan aiki, da ka buga npm start sai allo ya cika da jan rubutu. Abokinka ya ce ka koma Vite, wata sabuwar manhaja mai irin wannan aiki, ka koma, shafi kuma ya fito fari fat. Kana tambaya wanne za ka riƙe.

Ka riƙe Vite. Amma ka san cewa matsalolin biyu ba iri ɗaya ba ne.

Create React App ya fito daga Facebook a 2016, ya yi wa mutane hidima shekaru, har a Fabrairun 2025 masu kula da React suka sanar cewa kada a ƙara fara sabon aiki da Create React App. In jan rubutun nan ya ƙunshi ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED, ba kai ka yi kuskure ba. Tsohon react-scripts 4, injin da ke tada Create React App, yana kan webpack 4, mai haɗa fayiloli, shi kuma webpack ɗin yana amfani da wani tsohon lissafi mai suna MD4, wanda OpenSSL 3, kayan tsaron da ke cikin Node (manhajar da ke tafiyar da JavaScript a kwamfutarka), ya rufe tun daga Node 17. Ka ɗaga react-scripts zuwa 5, sai ya tashi. Akwai masu saka --openssl-legacy-provider, yana aiki, amma faci ne kawai.

Vite kuwa, wanda Evan You ya ƙirƙira a 2020, lafiyarsa lau. Galibi mu ne muke jawo masa ciwo, domin muna bin tsofaffin darussan YouTube da aka yi da Create React App alhali muna cikin Vite. A nan ne zan daɗe, don a nan na fi ganin ɗalibai suna ɓata kwana biyu uku. A tsohon, wato Create React App, bayanin da ka ajiye a fayil ɗin .env sai ya fara da REACT_APP_, kana kiransa da process.env. A Vite sai ya fara da VITE_, kana kiransa da import.meta.env. Ka rubuta process.env a cikin Vite, burauza za ta ce ba ta san process ba, shafi ya yi fari. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Danna F12 ka duba Console, inda burauza ke nuna kurakurai, layin farko zai gaya maka gaskiya. Haka fayil mai JSX, wato rubutu mai kama da HTML a cikin JavaScript: tsohon yana karɓar .js ba musu, Vite yana son .jsx. Shi ma index.html a tsohon yana cikin public, a Vite yana can waje, a tushen aikin.

Sai lambar ƙofa (port), wadda aikin ke buɗewa a kai a kwamfutarka. Tsohon yana tashi a 3000, Vite a 5173. In sabar da ke ba ka bayanai an ce mata ta yarda da 3000 kaɗai, kuskuren CORS ne zai biyo baya, wato burauza ta hana ka karɓar bayanan, ka yi ta zargin intanet.

Wajen ɗora aiki a intanet ma sun rabu: tsohon yana zuba kayansa a folda mai suna build, Vite a dist, kuma in ka ba Netlify, dandalin ɗora shafuka, sunan foldar da ba ita ba, babu abin da zai nuna. A GitHub Pages tsohon yana buƙatar homepage a package.json, Vite yana buƙatar base a vite.config.js.

Abu ɗaya suka haɗu a kai, kuma shi ya fi damuna. Duk abin da ka sa wa REACT_APP_ ko VITE_ yana shiga cikin fayilolin da kowa zai iya buɗewa a burauzarsa. In kana haɗa biyan kuɗi da Paystack, makullin jama'a (public key) da suke ba ka ne kaɗai ke zuwa nan. Na sirri (secret key) ya zauna a saba. In har ka taɓa tura shi GitHub, goge shi bai isa ba, ka shiga ka canja shi yau.

Turo min layin farko na Console ɗin, mu duba tare.